Ruwan Teku a Bungudu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata makarantar 'yan mata ta kwana a Tsafe, ban taɓa riƙe kwalbar gwaji a gaban ɗalibai ba. Da alli nake yin komai. In zana kwalba a allo, in zana ruwa a cikinta, in zana kumfa yana tashi, sannan in juyo in ce, "Kun gani?" Su amsa baki ɗaya, "Mun gani, Malam." Ba su ga komai ba, ni ma na san ba su gani ba. Haka muka yi ta yaudarar juna cikin ladabi, aji na fita aji na shigowa.

Da rashin tsaro ya tsananta aka rufe makarantarmu, aka kwashe mu, malamai da ɗalibai, aka haɗa mu da wata makaranta a cikin Gusau. Kowa ya koka da wannan ƙaura, ni ma na koka, domin na bar 'yar gonata da maƙwabtan da muka saba. Amma ba zan ɓoye ba, akwai abin da ya sanyaya mini rai: sabuwar makarantar tana da ɗakin gwaje-gwaje. Ɗaki ne dogo, da teburan siminti guda shida, kowanne da wurin wanke hannu da famfon da ya manta rabonsa da ruwa. Malamin da ke riƙe da shi ya yi ritaya, sai aka miƙo mini mabuɗi. Ranar da kaina na share shi, na sayi ruwa wurin 'yan garuwa na wanke 'yan kwalaben da suka rage a kabad, na hau kan tebur ɗaya na zauna. Shekarata arba'in da biyu a lokacin, ina da mata da 'ya'ya, amma sai da ƙwalla ta cika mini ido.

Ban yi wata biyu da mabuɗin nan a aljihu ba shugabar makaranta ta aiko a kira ni. Hajiya mace ce mai kirki, kuma tana da gaskiyarta. Zuwanmu ya sa ɗalibai sun yi wa azuzuwa yawa, har wasu a gindin bishiya ake koya musu.

"Malam, ɗakin ga naka aji za a maishe shi," ta ce. "Za a fasa teburan a zuba benci."

Na yi ta roƙonta. Na ce makarantar kimiyya ba ɗakin gwaji, me ya rage mata? Ta bar ni na gama tas, sannan ta ce manya daga ofishin ilimi za su zo duba makaranta nan da mako shida, kuma maganar ɗakin tana hannunsu.

"In ka nuna musu abin da zai sa su ce a bar shi, ni ban da ta cewa. In ba haka ba, sai ka kawo man mabuɗi."

Na fito ofishin ina lissafin abin da zan nuna. Babu sinadarai a kabad, babu gas, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama. Abin da muke da shi a wadace rana ce kawai. A nan na tuna da wani abu da na jima ina karantawa a waya, yadda ƙasashen da ke bakin teku suke neman samar da makamashi daga ruwan gishirin da ke gabansu. Bayaninsa ba shi da wuya. Ruwa abu biyu ne a haɗe, in ka ratsa wutar lantarki ta cikinsa sai su rabu. Ɗayan ita ce iskar haidurojin, wadda take kamawa da wuta, kuma in ta ƙone ba ta barin hayaƙi, ruwa take komawa. In wutar da aka raba ruwan da ita daga hasken rana ta fito, ba daga fetur ko gawayi ba, sai a kira ta koriyar haidurojin, don ba ta ɓata komai ba wajen samuwarta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wahalar da ke cikin aikin. Ruwan sha ya yi tsada a ɓarnatar da shi, shi ya sa masana suke son na teku. To amma ruwan teku yana da gardama. Gishirinsa yana fitar da wata iska mai warin maganin cire dattin farin kaya, mai cin ƙarfe, sannan wata farar laka tana taruwa ta lulluɓe sandar da wutar ke bi har aikin ya rage gudu. Ina so 'yan matan nan, waɗanda ba su taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi girma ba, su ga wannan gardama da idonsu. Ina so su san akwai tambayar da manyan duniya ba su gama amsawa ba, kuma ba a rubuta cewa 'yar Tsafe ba za ta amsa ta ba.

Abokan aikina suka ce in daina wahalar da kaina, in narka gishiri a ruwa in ce na teku ne, wa zai gane? Na ce Allah ya kiyaye. Na gaji da ƙaryar alli, ba zan musanya ta da ƙaryar gishiri ba. Na faɗi haka a ɗakin malamai da ƙarfi, kowa ya ji, kuma ina jin kaina sosai lokacin da nake faɗa.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, direban babbar mota ne da ke kai shanu Legas ya dawo da kayan masarufi. A Bungudu yake zaune, gidansa na kallon gidan mahaifiyata. Na kira shi na gaya masa buƙatata. Sai da ya yi dariya har ya shaƙe.

"Kai bawana, karatun ya taɓa ka ashe! Mutane na aiko ni atamfa da takalma, kai ruwa kaka so? Rijiyar Inna ta ƙahe?"

"Kai dai ka ɗebo, in ba tsoron tekun kake ba."

Wannan magana ce ta kai shi bakin teku. Bayan kwana tara ya kira ni yana zagina cikin raha. Wai igiyar ruwa ta jiƙa shi har ƙugu, ta tafi da takalminsa ƙafa ɗaya, mutanen wurin suna kallonsa yana cika jarka suna nuna shi. Ya ce ya sauke mini kayana a gidan Inna, in zo in ɗauka kafin ya sayar.

Ranar Asabar na shiga mota na tafi Bungudu. Jarka ce rawaya irin ta man girki, cike fal. Na buɗe na tsoma yatsa na lasa. Gishiri ne, amma da wani ɗaci da ke biyo baya ya maƙale a maƙogwaro, da ɗan ƙarni. Na tsaya riƙe da murfin ina murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Sai dai ban iya tafiya da ita ba. A lokacin jarka ta zama abin tuhuma a hanya, saboda masu kai wa 'yan bindiga mai a daji. Babu direban da zai yarda ka sa masa jarka a mota, a je shingen bincike a sauke fasinjoji saboda kai. Kuma ka tsaya kana yi wa mai bindiga bayanin ruwan teku ne za ka yi gwaji da shi, ai ka ƙara jefa kanka ne. Don haka na cika babbar gorar roba ɗaya na sa a jaka, na ja jarkar na kai ta bayan gadon Inna.

"Inna, wannan na aiki ne. Kada kowa ya taɓa."

Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗar sunana. Tun da na fara koyarwa ta samu mafita take ce mini Malam.

"To Malam, wa ka taɓa maka ruwa?"

Iyakar bayanin da na yi mata ke nan. Mutumin da aikinsa bayani ne, na yi wa 'ya'yan wasu bayani shekara da shekaru, amma ban ga uwata ta cancanci minti biyar ba. Wannan laifina ne, kuma na san nawa ne.

Kayan aikin ba su da yawa. Na fasa tsofaffin baturan rediyo na ciro baƙaƙen sandunan cikinsu guda biyu, na sauko da ƙaramin faifan sola daga rufin gidana, matata tana mita don da shi muke cajin waya. Sai 'yan wayoyi, da robar ajiye abinci mai haske, da kwalaben gwaji biyu da za a kife a kan sandunan. Na tara 'yan ajin ƙarshe da hantsi, muka jingina faifan a taga yana fuskantar rana, na zuba ruwan, na haɗa waya.

Da farko shiru. Sai ƙananan kumfa suka fara fitowa a jikin sanda ɗaya, suna hawa suna taruwa a saman kwalba suna tura ruwa ƙasa. Can sai ruwan ya fara yin fari-fari a gefen sandar, warin nan ya taso, na sa aka buɗe tagogi duka. Da kwalbar ta cika na toshe bakinta da yatsa, na ɗaga, na kawo ashana kusa na saki. Ta yi wata 'yar ƙara, fau! 'Yan mata suka yi ihu suka ja da baya, sannan suka dawo suna turereniya, kowa na so a sake. Ban tambaye su ko sun gani ba.

Akwai wata yarinya 'yar wajen Bilbis, ba ta cika magana ba, kullum a ƙarshen aji take zama. Ita ce ta nuna farar lakar da ta fara manne wa sandar.

"Malam, to ƙaƙa za a hana wanga abu taruwa?"

Na ce mata ba a gama ganowa ba, ana nan ana nema. Ta dube ni ta ga ba wasa nake ba. Tun daga ranar ta dawo gaba, ta samo littafi daban tana rubuta abin da ya faru kowane gwaji, minti nawa kafin farin ya fito, me zai faru in an kankare sandar. Ita na zaɓa ta yi wa baƙi bayani. Mako uku muna maimaitawa, har ruwan gorar ya ƙare.

Saura kwana takwas baƙi su zo na koma Bungudu ɗebo wani. A zaure na yi kiciɓis da wata tsohuwa tana fitowa, ta ɓoye wani abu a ƙarƙashin hijabinta, ta gaishe ni da wani irin girmamawa da ban saba samu ba, har da "Allah shi biya ka, Malam." A tsakar gida akwai wasu mata biyu da ban sani ba. Ban kawo komai a raina ba, gidan Inna dama ba ya rabuwa da mutane. Na shiga ɗaki na jawo jarka, na same ta cike har wuya. Har na ji daɗi na ce a raina Inna akwai riƙon amana. Ban tsaya na tuna cewa ni da kaina na rage ta da gora guda ba. Na cika gorori biyu na juya Gusau.

Ranar Litinin muka haɗa kaya. Kumfa ya taso da ƙarfinsa, har ya fi na da. Muka jira farar laka. Minti goma, ashirin, rabin awa, ruwa garau. Yarinyar nan tana duba littafinta tana duba robar. Na ce su tafi hutu. Da ɗakin ya zama ni kaɗai na zuba ruwan gorar a tafin hannu na lasa. Gishirin miya ne. Babu ɗaci, babu ƙarni, sai ɗanɗanon da na sani tun ina yaro, na rijiyar gidanmu.

Ban tsaya an tashi ba na nufi tasha. La'asar ta yi mini a Bungudu. Na tarar da Inna a tsakar gida da mata huɗu zaune a tabarma, jarkata a gabanta, tana tsiyaya wa wata a kwalbar magani. Gefenta ga ƙullin gishiri da guga.

"Inna, me nake gani?"

Ko gezau ba ta yi ba, don a ganinta ba ta yi abin ɓoyo ba. Ta ce matar taubashina ce ta fara ba da labari wurin suna, cewa an kawo ruwan teku gidan. Mutanenmu kuwa sun yarda ruwan teku yana karya sammu, yana sauke kumburi, yana korar abin da ido ba ya gani. Maƙwabciyarta mai ciwon ƙafa ta fara zuwa. Sai wata da aka sace mijinta tana son ta yayyafa a ɗaki. Sai wata da suka gudo daga ƙauye, 'yarta ba ta barci tun ranar da aka shiga garinsu, tana son ta yi mata wanka da shi. Daga nan labari ya bazu.

"Mace ta zaka da kwalba tana kuka, in ce mata mi? In ce ɗana ya hana ruwa? A gidan ga ba a taɓa hana ruwa ba."

"To ya aka yi jarkar take cike?"

A nan ma har da ɗan alfahari a muryarta.

"Ai ban rage maka ko ɗigo ba. Duk abin da niɗ ɗiba sai na maida. In zuba na rijiya, in sa gishiri, in ɗanɗana har shi yi daidai. Ba haka aka yi da zamzam ba? Alhaji shi zo da 'yar gora guda, a ɗiga cikin randa, gari duk shi samu. Tunda na asalin na ciki, ai duk ya zama shi."

Na tambaye ta sau nawa ta ƙara. Ta ce ba ta ƙirga ba, amma ƙullin gishirin nan shi ne na biyar.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi, amma tunda na ɗauko faɗa zan faɗa. Na ɗaga wa mahaifiyata murya a gaban baƙi. Na ce jahilci ne ya hana mu ci gaba, na ce abin da aka ɗauko daga ƙarshen ƙasa ta mai da shi ruwan miya, na ce ta kashe mini aiki saboda camfin banza. Matan suka sunkuyar da kai, ɗaya bayan ɗaya suka sulale. Wadda ake zuba wa ta ajiye kwalbarta a ƙasa ta fita ba ta ɗauka ba. Inna ta ɗaure bakin ƙullin gishirinta a hankali, ta miƙe.

"Allah shi ba ka haƙuri, Malam," ta ce, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Na fito ina huci na tsallaka gidan taubashina. Motarsa tana gareji an sauke injin, kuma ko lafiyarta lau, zuwa da dawowa ya fi kwanakin da suka rage. Ranar bai tsokane ni ba. Ya ce in yi haƙuri, ya kuma ce in koma in ba Inna haƙuri kafin in bar garin. Ban koma ba, na wuce tasha.

Kwana shida ina juya abin a raina. Hanyar gaskiya a buɗe take: in je in gaya wa Hajiya ruwan ya lalace, mu nuna gwajin da sunan ruwan gishiri. Amma 'yan mata sun riga sun rubuta babban kwali da kalar ja da shuɗi, an manna a ƙofa, yana cewa makamashi daga ruwan teku. Hajiya ta riga ta sanar da ofis, har an ce abin ya burge su. Ga kuma ɗakin malamai, inda na tsaya na yi cika baki. Na ce wa kaina ai ko ɗigo ɗaya na teku yana cikin jarkar. Sai da na faɗi haka a zuci na gane maganar Inna ce nake maimaitawa, bambancin kawai ita ta yarda da abin da ta faɗa.

Ana gobe baƙi za su zo, yarinyar nan ta tsaya bayan kowa ya fita, littafinta a ƙirji.

"Malam, farin ya daina hitowa. Kwana huɗu ina dubawa. Mi ya canza?"

Tambayar da ya kamata in yi murna da ita ke nan. Ɗalibar da na yi shekaru ina roƙon Allah ya ba ni ce tsaye a gabana. Na kalli taga na ce mata ruwan ne ya daɗe a ajiye, abin da ke kawo farin ya kwanta a ƙasan jarka. Na ce gobe ta tsallake wannan ɓangaren. Ta kalle ni. Sannan ta ce, "To, Malam," da irin muryar da suke amsa mini a gaban allo a Tsafe, ta rufe littafin ta fita.

Baƙin sun ce ƙarfe goma, sai bayan azahar suka iso. Mutum biyar ne, babbansu wani Alhaji mai farar babbar riga da waya biyu a hannu. Rana tana nan da ƙarfinta. Ruwan rijiyar Inna ya yi aiki kamar an biya shi, kumfa na tashi ba tsayawa, babu lakar da za ta rage masa gudu. Yarinyar ta yi bayaninta tsaf, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, kuma ba ta dubi inda nake ba. Aka kawo ashana, kwalba ta yi ƙara, biyu daga cikin baƙin suka tafa. Alhaji yana danna waya, ya ɗaga kai ya ce, "Da kyau, da kyau," ya juya zai fita. Na san irin wannan da kyau ɗin, ba ta hana a fasa tebur.

A bakin ƙofa idonsa ya faɗa kan kwalin. Ya tsaya ya karanta, ya dawo da baya.

"Malam, wai ruwan nan na teku ne? Na asali?"

Ina jin idon yarinyar a bayan wuyana.

"Na asali ne, ranka ya daɗe. Daga Legas aka kawo."

Ya zura wayoyinsa a aljihu. Ya matso kusa da ni ya rage murya, ya ce mahaifiyarsa ta shekara uku tana fama da ƙafa, an je asibiti an gaji, kuma an daɗe ana gaya musu a nemo ruwan teku. Ko zan taimaka masa da kaɗan? Ya shanye ragowar ruwan gorar da ke hannun direbansa ya miƙo mini. Na karɓa na cika masa. Hannuna bai ko yi rawa ba, kuma wannan yana cikin abin da ke ba ni haushi har yau. Sauran huɗun ma kowa ya nemo abin zubawa. Babu wanda ya tambayi yadda ake tara iskar, ko me za a yi da ita, ko me ɗakin yake buƙata.

Alhaji ya juya ga Hajiya ya ce ɗaki irin wannan ba a taɓa shi, malami irin wannan kuma a riƙe shi da kyau. Ya ce a nemi wata dabara game da azuzuwa. Ya sa hannu a takarda a kan teburin simintin da aka so fasawa. Malamai suka zo suna ba ni hannu, har da waɗanda suka ce tun farko in narka gishiri.

Ranar Juma'a na je Bungudu na durƙusa a gaban Inna na nemi gafara. Ta ce ta yafe tun ranar, amma matan unguwa sun rage shigowa gidan, kuma na ga hakan ya fi maganata yi mata ciwo. Ta ce ta juye jarkar a gindin katanga ta wanke ta, don kada ta sake jawo magana. Sannan ta tambaye ni ko aikin ya yi. Na ce ya yi, an bar mini ɗakin.

"To ka gani," ta ce. "Na ce maka ruwan na nan yadda shike."

Babu abin da zan ce mata wanda ba zai zama ƙarya ko rashin kunya ba.

Yarinyar ta koma ƙarshen aji har ta gama makaranta. Tana gaishe ni da ladabi in mun haɗu, tana cin jarrabawata, amma ba ta sake yi mini tambaya ba.

Mako biyu bayan zuwan baƙin Hajiya ta aiko a kira ni. Direban Alhaji ne zaune a ofishinta da galan sabo fil. Wai tsohuwa ta ji sauƙi, har tana taka ƙafar, ana so a ƙaro. Na ce wa Hajiya ruwan ya ƙare. Ta sallami direban ya jira a waje, ta cire tabarau ta dube ni.

"Malam, kai ka san wa yas sa hannu a takardar ga, kuma hannun da yas sa shi ka iya janyewa. Ni ban tambaye ka inda ruwan ka hitowa ba, kuma ba ni tambaya."

Na ɗauki galan na tafi ɗakin gwaje-gwaje, na kulle ƙofa ta ciki. Na aika aka sayo gishiri a bakin makaranta, na ɗebo ruwa a burtsatse, na ɗauko ma'auni na goge shi. Giram talatin da biyar a kowace lita, gwargwadon gishirin teku, na auna shi daidai ba ragi ba ƙari, don ni malamin kimiyya ne.

Yau shekara uku ke nan. Ɗakin yana nan, tebur shida, mabuɗi a hannuna. Sinadarai ba su zo ba. Direban kuwa yana zuwa duk bayan wata biyu, wani lokaci da galan biyu, don abokan Alhaji ma sun ji labari. Ina kulle ƙofa in auna, in girgiza, in rufe. Tsohuwar tana da hawan jini, na tambayi direban ya gaya mini, shi ya sa kowane galan sai na manna masa takarda na rubuta da manyan baƙaƙe: a shafa kawai, kada a sha. A duk abin da ke fita daga ɗakin nan da hannuna, wannan layin ne kaɗai gaskiya.